Neman shawara: jakfurut ɗina yana zubar da 'ya'ya, maigida ya ce a sare

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin shuka ku cece ni kafin gatari ya hau kan bishiyata. Shekara biyar ke nan da ƙanena ya dawo karatu daga Uganda, ya taho min da ƙwallayen jakfurut guda shida, wato wani itace mai ƙaton ɗa mai ƙayoyi da ake ci, a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Biyu suka tsiro, akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya. Wadda ta rage yanzu ta wuce katanga, ganye shar, gwanin sha'awa. Matsalar ita ce tun bara take fitar da wasu 'yan ƙananan 'ya'ya kamar babban yatsa, sai wani gari ruwan ɗorawa ya rufe su, daga nan su yi baƙi kamar fumfuna su zube. Kullum da safe sai na share cikin faranti guda. Maƙwabciyata ta ce baki ne ya kama ta. Maigida kuwa ya ce wahalar banza nake, a sare a dasa mangwaro, kuma wai saiwarta za ta fasa mana sokawe. Magani zan fesa ko in haƙura?

Baba mai lambu, Kabala:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki roƙi maigidan ya ajiye gatarin nan. Abin da kike sharewa ba 'ya'ya ba ne, furen namiji ne. Kin san dabino akwai namiji akwai mace, kowa da bishiyarsa. Ita wannan duka biyun a jikinta suke, kamar kabewa. Garin da kike gani bununi ne irin na gero. In ya gama aikinsa dole ya yi baƙi ya faɗi, haka Allah ya yi shi. Kuma ƙaramar bishiya da maza take farawa, matan sai ta ƙara ƙwari. Ki daina ɗaga kai kina duban ƙarshen rassa. Ki duba jikin kututturen da manyan rassa, can mace take ɓullowa. Za ki gane ta: ta fi kauri, jikinta gurje-gurje, mariƙinta ƙato, da wani zobe mai tsoka a gindinta. Namiji siriri ne, mariƙinsa ma siriri.

Wani ɗan'uwa, Kawo:
Ni dai a ganina ki sayi maganin ƙwari ki fesa mata duk sati, ba za a rasa tsutsa ba.

Baba mai lambu, Kabala:
A'a ɗana. In ta fesa lokacin fure, ƙananan ƙwarin da ke kai bununin kan macen za ta kashe. Sai a yi gyaran gangar auzinawa.

Malamin kimiyyar tsirrai, Mando:
Baba ya gama magana kan furen. Abin da zan ƙara shi ne ruwa, don nan ne Kaduna take cutar wannan itace. Asalinsa tsaunukan yammacin Indiya ne, inda ake tafka ruwan sama. Mu nan daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu sai dai ƙura, hunturu ya busar da iska, bazara ta zo ta ƙarasa. Bishiyar da ta sha ƙishi ko ta yi macen fure tana iya yar da ita. Ki yi mata kwano a gindi, ki ba ta ruwa mai yawa sau biyu a sati maimakon yayyafi kullum, ki rufe ƙasar da busasshen ganye da takin shanu wanda ya ruɓe, amma kar ya taɓa kututturen. Da damina kuma ki buɗe wa ruwa hanya, don ba ta jure ruwa ya kwanta mata.

Ba baƙuwa ce can ba a wurinmu. Sunan jinsinta Artocarpus, daga Girkanci, ma'anarsa ɗan itacen burodi, kuma dangi ɗaya suke da ɓaure da durumi da ceɗiya da gamji. Ki tsinki ganye ki gani, farin ruwa mai danƙo zai fito kamar na ɓaure. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce biredfurut ta tsibiran tekun Fasifik, wadda Turawan Ingila suka aika jirgin Bounty ya ɗebo daga Tahiti don ciyar da bayi a Karibiyan, har matuƙan suka yi wa Kyaftin William Bligh bore a 1789. Waccan ta fi jakfurut son laima nesa ba kusa ba, ban ba kowa shawarar ya wahalar da kansa da ita a cikin garin Kaduna ba. Ukwa da Inyamurai ke dafawa ma dangin ne, amma jinsinta daban.

Hajiya, Malali:
Ku yi haƙuri, ni ina bayan maigidan a abu ɗaya. Ƙanwata, taku nawa ne daga bishiyar zuwa sokawen? Itace ne babba, ba gwanda ba. Kuma ɗansa ɗaya yana kai kilo 10 zuwa 20, wani ma ya fi, ba itacen da ya kai shi girman ɗa a duniya. Ki yi tunanin yara suna wasa a ƙasa. In za a bar ta, a datse kanta kar ta yi tsayi. Kada kuma ki ce za ki tone ki canza mata wuri, doguwar saiwa gare ta guda mai nutsewa, in ta yanke shi ke nan.

Wata 'yar'uwa, Barnawa:
Anti, shekara huɗu na yi a Indiya, in kin sare bishiyar nan har ni sai na yi kuka. A Kerala chakka suke ce masa, a 2018 suka mai da shi ɗan itacen jiharsu, a Bangaladesh kuwa na ƙasa ne gaba ɗaya. Ɗanye ana yi masa miya, yana sale-sale kamar naman kaza. In ya nuna ƙamshi zai cika gidan, ƙayoyin su kwanta, in kin ƙwanƙwasa ki ji yana amsawa kamar ganga. Ki shafa man gyaɗa a wuƙa da hannu kafin ki yanka. Ni ranar farko ban sani ba, danƙon ya kama min yatsu da bakin mayafi, sabulu ya ƙi fitar da shi. Ƙwallayen ma kar ki zubar, ki dafa da gishiri kamar gurjiya. Wanda za ki shuka ki sa shi a ƙasa da wuri, in ya bushe ba ya tsirowa.

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, bayan la'asar na zagaya bayan bishiyar, ɓangaren katanga da ban cika leƙawa ba. Na ga guda biyu a jikin kututture daidai ƙuguna, masu kauri, da zoben da ka faɗa. Na kira maigida ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Hajiya, mun auna, taku tara ne zuwa sokawe, huɗu zuwa katanga. Ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen damina, amma reshen da ya haura gidan maƙwabta gobe zai datse shi. Baba, da zarto za a yanke ko adda ta isa?