Layin RS-485 yana yankewa duk lokacin da famfon bohol ya tashi

Mai_Gida_Smart:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Home Assistant ne, manhajar sarrafa na'urorin gida, a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4, da adafta mai arha ta USB zuwa RS-485, wato layin waya da na'urori ke aika saƙo ta kansa. A kan layin akwai mitar wuta guda biyu masu Modbus (yaren da na'urorin ke magana da shi), da allon rile (ƙaramin makunni) da ke jan kontaktar (babban makunnin maganaɗisu) famfon bohol mai ƙarfin doki 1.5. Daga ɗakin inbata zuwa akwatin famfo kusan mita 60 ne. Wayar ƙararrawa ce mai zare huɗu, marar murɗi, kuma fayif ɗaya suka bi da wayar wutar famfon. Gudun layi bit 9600 a daƙiƙa.

Yakan yi awanni lafiya lau. Amma da famfo ya tashi ko ya mutu, sai na'urorin su ɓace, wani lokaci na 'yan daƙiƙu, wani lokaci sai an zare adafta an mayar. Idan NEPA ta ɗauke inbata ta karɓa kuma, kurakuran CRC, wato alamar saƙo ya lalace a hanya, sai su yawaita ko da famfo ba ya aiki. Na sayo wata adaftar iri ɗaya, ba ta sauya zani ba. Ta ina zan fara?

Injiniya_Kontrol:
Wa alaikumus salam. Malam, cuta biyu ce kake fama da ita, kada ka haɗa su a magani ɗaya. Ta famfo tartsatsi ne na ɗan lokaci, ta inbata kuwa hayaniya ce mai ɗorewa.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Kashe birekar famfon, ka bar kontakta tana ja tana saki ba tare da moto ba. Idan layin ya ci gaba da yankewa, koyil ɗin kontakta ne mai laifi. Galibi ma shi ne. Lokacin da rile ya yanke masa wuta, ƙarfin maganaɗisun da ya tara yakan dawo da bugu na ɗaruruwan bolt, har ya haura dubu, ya yi tartsatsi a bakin rile, wanda ke manne da guntun RS-485 a allo ɗaya.

Maganinsa sinoba: resista ohm 100 mai wat 2 a jere da kapasita 0.1 µF nau'in X2, a ɗaura su a kan tashoshin A1 da A2 na koyil ɗin, da gajerun wayoyi. Ana sayar da su a haɗe. Barista (varistor, mai haɗiye bugun wuta) 14D431K, mai jure bolt 275, ita ma tana aiki a wannan gurbin. Kada ka sa sinobar a kan bakin rile: a wutar 230 kusan miliyamfiya 7 na zurarewa ta kapasitan, ƙaramar kontakta sai ta riƙa gurnani ko ta ƙi saki. In koyil ɗin na DC ne, dayod 1N4007 a juye ta wadatar.

Sai waya. RS-485 bambancin da ke tsakanin wayoyin siginarsa biyu, A da B, yake karantawa, saboda haka hayaniyar da ta hau wayoyin biyu daidai wa daida ba ta dame shi ba. Murɗin wayar ne ke sa ta hau daidai. Taka ba ta da murɗi, kuma tana kwance jikin wayar moto har mita 60. Ja CAT6, wayar intanet mai murɗaɗɗun tagwaye, ta jan ƙarfe zalla, a fayif dabam, da tazarar santimita 30 ko fiye, in dole su haɗu su gitta juna kawai, kada su jera. A da B su hau tagwaye ɗaya, misali shuɗi da fari-shuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa A a shuɗi, B a kore, sai amfanin murɗin ya tashi a banza.

Oga_Fanel:
Injiniya ya yi bayani. Ƙarina shi ne ka kashe komai ka auna tsakanin A da B da maltimita. Ohm 60 ya kamata ka gani, wato resista 120 guda biyu, ɗaya a kowane ƙarshen layi. Yawancin alluna masu arha masu guntun MAX485 suna zuwa da 120 ɗinsu a manne, mutum bai sani ba. Kuma layin ya tafi daga na'ura zuwa na'ura, kada kowacce ta ja reshenta daga wuri ɗaya.

Mai_Gida_Smart:
Na gode ƙwarai. Na yi gwajin: da birekar famfo a kashe ma yana yankewa, ashe kontakta ce. Tsakanin A da B kuma ohm 40 na samu. A da B kaɗai na haɗa, sauran zare biyun suna nan a sake.

Injiniya_Kontrol:
Arba'in na nufin resista uku ne a layin. Nemo ta tsakiya ka cire. Sai dai ni ban ɗauki wannan a matsayin babban mai laifi ba, Oga ya yi haƙuri. A gudun 9600 kowane bit yana ɗaukar maikurosakan 104, sigina kuwa tana cinye mita 60 cikin kusan maikurosakan 0.3. Amsa-kuwwar layi ta daɗe da lafawa kafin a karanta bit ɗin. Illar resista ta uku a wani wuri take: tana danne ɗan ƙarfin da ke riƙe layi lokacin da babu mai magana.

A lokacin shirun nan ana so A ta ɗara B da aƙalla milibolt 200. In bai kai ba, ƙaramar hayaniya sai ta zama kamar farkon saƙo, ta ɓata wanda ke biye, ga CRC ɗinka nan. Auna DC tsakanin A da B yayin da Home Assistant ke kashe amma adafta na da wuta. In ka ga kusa da sifili, sa resista ohm 680 daga A zuwa bolt 5, wata 680 daga B zuwa GND (tashar bolt sifili), a wuri ɗaya tak, gefen adafta. Da ohm 60 a tsakiya zai ba ka wajen milibolt 210. In allon na bolt 3.3 ne, yi amfani da 390. Wasu kamfanonin suna juya sunan A da B, don haka duba alamar + da −.

Hajiya_Sola:
Ku dawo kan maganar zare biyun da ya bari a sake, don nan matsalar inbata take. Sunan "waya biyu" yana ruɗar mutane. Guntun RS-485 yana aiki ne muddin A da B ba su fita daga bolt −7 zuwa +12 ba, idan aka auna da GND ɗinsa. In babu waya ta uku da ta haɗa GND na na'urorin, kowace caja tana shawagi a nata matakin. Kana kan NEPA abin yakan zauna, domin nyutural tana ɗaure da ƙasa. Wasu inbatoci kuwa idan suka karɓa sai nyutural ta rabu da ƙasa, hayaniyar kunnawa da kashewar da suke yi sau dubbai a daƙiƙa ta bi ta cajojin ta hau layin.

Auna AC tsakanin nyutural da wayar ƙasa, sau ɗaya kan NEPA, sau ɗaya kan inbata. In ya tashi daga 'yan bolt zuwa gommai ko ɗari, ka gano. Amma kada ka ɗaure su da kanka da guntun waya. Ɗaurin wuri ɗaya ake yinsa, kuma lokacin da inbata ke aiki ita kaɗai, wasu inbatoci suna da rile na hakan a ciki. Duba littafinta, ka kira mai aikin wuta da ya san sola. Ya auna sandar ƙasa ma, domin da rani, ƙasa ta bushe ƙamas, sandar da ke aiki da damina takan zama ado.

A ɓangaren layi, ɗauki tagwaye ɗaya na CAT6 ɗin, haɗa zarensa biyu, ka bi da shi ta tashar GND ko COM ta kowace na'ura mai ita. In wayar mai rigar alminiyam ce, ɗaure rigar da ƙasa a gefen ɗakin inbata kawai, ɗaya gefen a naɗe da tef. Rigar ba ta maye gurbin waya ta uku.

Ita kuwa adaftar da sai an zare an mayar, bugun yana ratsa ta ne har tashar USB, Pi ya jefar da ita. Rubuta umarnin dmesg a Pi bayan ta ɓace, za ka ga ta fita ta dawo, wani lokaci da sabon suna, ttyUSB1 maimakon ttyUSB0, shi ya sa Home Assistant ba ya ganinta. Sayi mai keɓe ɓangaren USB daga na RS-485, irin mai guntun ADM2587E ko ADM2483, kuma a saitin ka kira ta da sunanta na /dev/serial/by-id. A gefen akwatin famfo, in allon rile ba shi da kariya, ƙara dayod SM712 tsakanin A, B da GND.

Oga_Fanel:
Na yarda da lissafin Injiniya. Abu ɗaya a akwatin famfo: kada allon rile ya zauna jikin kontakta. Matsar da shi ko da santimita 15 ne, kuma wayoyin koyil kada a ɗaure su dami ɗaya da na A da B. Sa sinoba tukuna, ka kunna ka kashe kontakta sau ashirin kana kallon kurakurai, kafin ka kashe kuɗi a kan sabon fayif.