"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": lallashi ne ko izini?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jiya na yi wa yayana magana don na ga ya ci sabon bashi alhali na baya yana wuyansa. Sai ya ce, "Ƙanwata, bashi hanji ne, yana cikin kowa." Na rasa amsa, amma abin ya tsaya mini a rai. Nan ne gurbin karin maganar nan kuwa?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Yayanki ya ɗauko maganar daga mazauninta. Ba mai cin bashi ke faɗa wa kansa ba. Wani ne ke faɗa masa, a lokacin da kunya ta fara cinye shi: waya na ƙara yana kifa ta, ya hango mai bin sa ya sauya hanya, dare ya yi barci ya gagara. Irin wannan ake dafa wa kafaɗa a ce, ɗago kanka, ba a kanka aka fara ba.

Wani matashi: Baba, a gafarce ni, ni ina ganin gaskiya ce tsagwaronta, ko wa ya faɗe ta. Manyan 'yan kasuwa suna cin bashi, kamfanoni suna ci, gwamnatoci ma haka. Don me sai talaka ya ci za a ga laifinsa?

Wata malama: Ƙanena, ba laifi ake gani ba. Ka dubi hanjin da aka yi misali da shi. Lafiyarsa ita ce abin da ya shiga ya fita, in ya toshe kuwa sai asibiti. Ɗan kasuwan da ka ambata ya zuba bashinsa a jari, jarin ne zai biya. Wanda ya ci don kece raini fa, me zai biya masa? Ga kuma kuɗin ruwa da mutane ba sa lissafawa. In ana ɗora kashi 5 cikin 100 duk wata, ruwa yana hawa kan ruwa, bashin 100 zai kai kusan 180 a wata 12. Jin "kashi 5" ne yake sa a raina shi, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani dattijo: Madalla, malama. Ku tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. Ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci. Ba a hana ba, amma ba a bar shi sakaka ba.

Wata 'yar'uwa: Ni rubutun nan ne ya cece ni. Shekara biyu ina tsoron haɗa jimilla, sai dai in ce "ana bi na 'yan kuɗi". Ranar da na zauna da biro, mutum 7 na lissafa, hannuna yana rawa. Na fara da mafi ƙanƙanta, na biya, na ja masa layi. Daɗin layin nan ne ya ba ni ƙarfin na biyu.

Wata malama: Na taya ki murna. A lissafi dai, fara biyan mai ruwa mafi tsada ya fi rage asara.

Wata 'yar'uwa: Gaskiya ne, Anti. Amma da daga can na fara, da na sare tun a wata na biyu. Na san zuciyata.

Wani matashi: Na yarda da rubutun. Sai dai har yanzu ina ganin yayan nata bai yi ƙarya ba.

Mai tambaya: Bai yi ba. Na gode muku. Yanzu na fara zargin kunya ce ta sa ya faɗa, ba rashin damuwa ba. Gobe zan koma da takarda da biro, ba da faɗa ba, kuma nawa bashin zan fara rubutawa a gabansa.