Wace kalma za mu kira apéritif da ita?

Jama'a, ku taya ni. Na yi kwana biyar a kan keke a gaɓar kogin Luwar a Faransa, kuma akwai kalmar da na kasa fassara wa mutanen gida: apéritif, ko apéro a bakin 'yan gari.

Ga yadda abin yake. Na taka keke daga Blois zuwa Amboise, na isa masauki yunwa kamar ta kashe ni. Matar gidan ta ce a fito lambu ƙarfe 7. Na wanke hannu, na gyara zama. Sai ga ɗan kwano na zaitun, ga gyaɗa soyayya da ba ta cika tafin hannu ba, ga kofuna. Su suka zuba giya, ni aka haɗa mini ruwan na'ana'a mai gas. Aka shiga hira, rana ko alamar faɗuwa ba ta yi ba. Abincin gaske bai iso ba sai bayan 8, shi ma bi da bi: ɗan abin farawa, babban abinci, cuku, kayan zaƙi. Cukun ma na akuya ne, dogo, da tsinken kara a tsakiyarsa. Muka tashi wajen 11 saura.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta buɗewa, wato abin da ke buɗe ciki. Da na tambayi mutanen gida, wani ya ce to ai shi ke nan, buɗe-baki. A'a, malam. Wannan ta azumi ce, ba zan ɗora ta a kan zaman da kwalbar giya ke tsakiyarsa ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo abin taɓa-ka-lashe. Ya dace da zaitun ɗin da gyaɗar, amma ya bar mutanen a waje. Bafaranshe in ya gayyace ka apéro, zaman yake nufi. Ko a 2010 da UNESCO ta sa cin abincin Faransawa cikin al'adun duniya, da apéritif ta fara lissafin.

Wani kuma ya ce a kira shi jiran tuwo, ya ba ni dariya, na so in karɓa. Sai na tuna a teburin nan ni kaɗai nake jira. Su ko a jikinsu. Mu mun saba a ci a ƙoshi, a wanke hannu, sannan a shimfiɗa tabarmar hira. Su da hirar suke farawa, kuma ba ta yankewa har cokalin ƙarshe.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a bar ta aperitif kawai, su sun san ta. Ku kun sani, mutumin Gusau fa?

Ni dai na tsaya a kan zaman jiƙa maƙoshi. Akwai zama, akwai abin sha, ba a ce giya ba, ba a kuma yi wa kowa alkawarin ƙoshi ba. Mai wadda ta fi ta ya kawo, amma ya tabbata akwai zama a cikinta.