Na daina cin mai, amma sikarina ya hau

Ina neman shawarar masana a kan wani al'amari da ya ɗaure mini kai. Wata shida ke nan da likita ya gargaɗe ni game da yawan kolestarol, sai na daina soye-soye da nama mai kitse, na koma ga farin burodi da farar shinkafa. Da na sake gwaji, sikarin jinina kafin karin kumallo ya kai 112, alhali a da bai wuce 95 ba, kitsen jinin ma ƙaruwa ya yi. Na ji cewa hanta tana mayar da rarar sikari ta zama kitse. Shin abin da ya same ni ke nan, kuma me ya kamata in fara ragewa?