Ina son tara finafinai a faifai a gida, daga ina zan fara?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son in kafa ƙaramin ɗakin ajiyar finafinai a gida, na Hausa da na Indiya da na Turawa, har da masu dogon zango, duk a faifai, saboda abin da ke intanet yau yana nan gobe an sauke shi, ga kuma tsadar data. Tambayoyina uku ne. DVD zan riƙa saye ko Blu-ray? Ta yaya zan gane na asali da na jabu? Kuma wace ajiya zan yi musu don kada su lalace? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kafin ka sayi faifai ko ɗaya, fara daidaita maganar na'ura, don a nan kuɗin mutane suka fi salwanta.

Faifai iri huɗu ne za ka ci karo da su. VCD, wanda finafinan Hausa na da suka fi fitowa a kai, yana ɗaukar kimanin minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim guda yake zuwa a faifai biyu, hotonsa kuma ɗigo 352 a 288 ne kacal. DVD na ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, hoto 720 a 576. Blu-ray gigabait 25 ko 50, hoto 1920 a 1080. Sai na 4K, wanda ya fi su duka kyan hoto, mai gigabait 66 ko 100. Na'urar Blu-ray tana karanta DVD, amma ta DVD ba ta karanta Blu-ray ko kusa, domin hasken idonsu ba ɗaya ba ne: na DVD ja ne, na Blu-ray shuɗi. In talabijin ɗinka ba ta wuce inci 32 ba, DVD na asali ya wadatar. Daga inci 43 zuwa sama ne bambancin yake fitowa fili.

Sai maganar yanki, wadda ita ce tarkon: na'ura na iya ƙin buɗe faifan da ba na yankinta ba. Kamfanoni sun raba duniya shida a DVD: Amurka 1, Turai da Gabas ta Tsakiya da Japan 2, Najeriya da Nijar da Indiya 5. A Blu-ray kuwa uku ne: Amurka A, Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa B, Indiya da Sin da Rasha C. Alamar tana bayan kwali, can ƙasa. Ma'ana, Blu-ray daga Ingila ko Dubai ya yi daidai da na'urar yankinmu, na Amurka kuwa yana iya ƙin buɗewa. Ƙananan na'urorin DVD da ke kasuwanninmu yawancinsu ba ruwansu da yanki, amma na Blu-ray suna da tsauri, sai ka nemi wadda aka buɗe ta ga kowane yanki. Faifan 4K ba shi da wannan kulle. In a kwamfuta za ka kalla, sau biyar kawai take bari a canza mata yankin DVD, daga nan ta tsaya a na ƙarshe.

Abu biyu kuma. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka wutar 120 take sha, tamu 230 ce. Karanta rubutun bayanta kafin ka jona, in ba ka ga 100 zuwa 240 ba, nemi taransifoma. Kuma ka sa mata sitabilaiza, domin dawowar wuta da ƙarfi da sauyi zuwa janareta su ke ƙona sashen wutarta. Na'urorin wasa PS4 da PS5 mai ramin faifai suna kunna DVD da Blu-ray lafiya lau, amma ba sa karanta VCD, don haka kada ka yar da tsohuwar na'urarka ta DVD.

Ɗan Fagge:
Malam ya gama da na'ura. Ni kan jabu zan yi magana, don kusan duk abin da ake tallarsa a bakin titi shi ne.

Juya faifan ka dubi cikinsa. Na asali bugawa ake yi a masana'anta, cikinsa fari ne kamar azurfa, wani lokaci da ɗan ruwan zinare. Wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa launin shunayya yake da shi in DVD ne, kore-kore ko shuɗi in CD ne, kuma in ka karkata shi a haske za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Wannan launin rini ne, a jikinsa aka ƙona fim ɗin, zafi da hasken rana suna kashe shi a hankali. Shi ya sa faifai ke yin lafiya bana, baɗi ya fara sandarewa a tsakiyar fim alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Amma launin azurfa kaɗai ba shaida ba ne, don masu satar fasaha ma suna da injin bugawa. Duba zoben da ke kewaye da ramin tsakiya: na asali yakan zo da ƙananan lambobi da haruffan IFPI, shaidar masana'antar da ta buga shi. Duba kwalin kuma: hoto dishi-dishi, kuskuren rubutu, ko leda a maimakon robar ajiya.

Su kuma masu fim ashirin a faifai guda, lissafi ma ya isa ya hana ka. Raba gigabait 8.5 gida ashirin, kowane fim bai kai rabin gigabait ba. VCD da muke rainawa yana cin wajen megabait 10 a minti, wato fim na awa biyu ya haura gigabait guda. To wancan ko rabin VCD bai samu ba, sauti a matse, fuska a dame, fassarar da ke ƙasan allo kuma sau da yawa ba ta tafiya da maganar. Na kallo ɗaya ne a wuce, ba na ajiya ba.

Kan masu dogon zango: in ka sayi zango guda, ƙirga faya-fayan ka gwada su da jerin da ke bayan kwali, sannan ka kunna kowanne, ka tsallaka zuwa tsakiya da ƙarshe. Kada ka ajiye shi a kulle sai bayan wata shida ka tarar na huɗu ba ya yi, lokacin mayarwa ya wuce. Manyan kunshin da ake jibga faifai kan faifai a sanda ɗaya sukan iso a ƙwarzane tun daga kamfani. Kuma in na hannu za ka saya, yi hattara da DVD ɗin Warner Bros da aka buga tsakanin 2006 da 2008. Kamfanin da kansa ya amsa a 2025 cewa wasu daga cikinsu suna ruɓewa.

Maman Khalil:
Ɗan'uwa Ɗan Fagge, ban yarda da kai gaba ɗaya ba kan faifan da aka ƙona. A na Turawa da na Indiya, gaskiyarka. Amma tsofaffin finafinan Hausa da suka bi ta kasuwar Ƙofar Wambai, wani in ka same shi a kowane irin faifai ka riƙe, don ba lallai a sake buga shi ba. Kasuwar faifan ta durƙushe, masu dogon zango na yanzu kuma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 suke tafiya kai tsaye, ba sa bi ta faifai. Abin yi da irin wannan shi ne ka kwafe shi a ma'ajiyar kwamfuta tun yana karantuwa, don amfanin gidanka, ba don sayarwa ba. A VCD ba wuya: buɗe jakar MPEGAV, fayil ɗin AVSEQ01.DAT shi ne fim ɗin, manhajar VLC na kunna shi. Ajiye kwafin wuri biyu.

Ajiya kuwa, Baban Ummi, zafi ne babban abokin gabarka, sai ƙura. Kada kantar faya-fayan ta jingina da bangon da rana ke duka da yamma, kada ta kusanci rufin kwano, kada a bar faifai a mota ko a kan na'urar da ta yi zafi, don lanƙwashewa yake yi kuma ba ya miƙewa. A jera su tsaye kamar littattafai, kowanne a robarsa. Robar DVD kaurinta milimita 14 ne, tsayi santimita 19, don haka katako mai tsawon mita guda zai ɗauki wajen 70. Ce wa kafinta ya bar santimita 21 tsakanin hawa da hawa, zurfi 15, ya sa ƙofa saboda ƙurar hunturu. Da damina jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi. A ɗaga kantar daga ƙasa saboda gara, kyankyaso ma yana cin takardar kwali.

Jakar nan mai aljihu-aljihu da ake zura faifai ɗari, a guje ta. Ƙura na shiga aljihun, kowace zarewa sabon ƙwarzane ne.

Gogewa: ƙyalle mai laushi irin na tabarau, daga rami zuwa baki a miƙe. Ba a zagayawa, domin rubutun a zagaye yake tafiya. Ƙwarzanen da ya bi layin yana shafe bayani mai tsawo, wanda ya ratsa shi kuwa na'ura na iya cike gurbinsa. Maiƙon hannu, ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke ya isa, a bar shi ya bushe sarai. Ban da fetur da kananzir. VCD kuma ta saman da ke da hoto ya fi rauni, don bayanin na dab da fentin, saboda haka ba a rubutu a kansa da biro, ba a manna masa takarda.

Mai Gyaran Rediyo:
Hajiya ta yi daidai. Ƙari ɗaya: in na'ura ta fara ƙin faifai masu kyau iri-iri, ba su ne da laifi ba, idonta ne ya yi ƙura ko ya gaji. A cire ta daga wuta, a buɗe, a shafa idon a hankali da auduga da ɗigon sifirit mai tsabta. Kada a bari wani ya murɗa ƙarfin hasken don ta "ƙara gani", kwana kaɗan idon zai mutu. Kuma in ka ga na'urar Blu-ray mai kyau da hali a hannunka, ɗauki biyu. Samsung ta daina fitar da sababbi tun 2019, LG ta bi sahu a 2024.

Ɗan Fagge:
Na karɓi gyaran Hajiya. Kan zaɓi kuma, Baban Ummi, kada ka bi jerin "dole ka kalla" na wasu ido rufe. Rubuta guda 30 da ka tabbata za a sake kallo a gidanka, ka fara da waɗanda suka fi wuyar samu, wato na Hausa, don na Turawa ba sa ƙarewa a kasuwa. Wanda ba na yara ba ya hau hawan sama. Ka kuma buɗe littafi: sunan fim, shekara, irin faifai, yanki, da sunan wanda ya ara da ranar da ya ɗauka.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Talabijin ɗin inci 43 ce, don haka zan nemi na'urar Blu-ray buɗaɗɗiya in bar tsohuwar saboda VCD. Malam, wayar HDMI da ke haɗa na'ura da talabijin, kowace iri ta isa, ko sai mai tsada?

Mai Gyaran Rediyo:
Ga Blu-ray na 1080, kowace mai lafiya ta isa, in dai ba ta wuce mita 2 zuwa 3 ba. Sai in ka koma 4K ne za ka nemi wadda aka rubuta wa gigabit 18 a kwalinta.