Kuɗin gado daga Kano zuwa Manchester don sayen gida: ina haraji yake?

Abu Maryam:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu, an raba gado a kotu, kuma Hajiya ta ƙara mini kyauta daga kasonta. Shekarata 4 a Manchester, ina so a turo kuɗin in sayi gida. Shin za a caje ni haraji idan sun shigo asusuna?

Hajiya Ummi:
Allah ya jiƙan Baba. Najeriya ta soke harajin gado tun 1996, sai dai kuɗaɗen kotu. A Ingila kuwa ba a ɗaukar kyauta ko gado a matsayin kuɗin shiga ga wanda ya karɓa. Abin da zai wahalar da kai shi ne lauyan cinikin gidan, domin sai ya ga takardar rabon gado, da bayanan banki, da wasiƙar Hajiya mai sa hannu cewa kyauta ce, ba bashi ba.

Malam Ɗanjuma:
Ɗan'uwa, ka lura da harajin sayen gidan kansa. Tun Oktoba 2024, wanda ya mallaki wani gida ko'ina a duniya yana biyan ƙarin kashi 5 cikin 100, kuma idan akwai gida a Kano cikin gadon, kasonka a gidan zai iya shiga lissafi idan darajarsa ta kai fam 40,000, sai dai idan bai wuce rabi ba kuma ka gada cikin shekaru 3 da suka gabata.

Abu Maryam:
Mu bakwai ne, kuma bara aka raba. Na gode, Malam.