Tsohuwar laftof za ta iya riƙe mana karatun Baba, ko in ci gaba da biyan kuɗin ajiya?

Abu_Hafsa, Makka:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kwamfuta shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana kaset-kaset na karatu da yawa, tafsiri da fiƙihu da yake yi da Hausa a gida nan wajen Shari'a Mansur, ni da ƙanina muna ta juye su a kwamfuta kaɗan-kaɗan, ga kuma hotunan iyali da bidiyon bukukuwa da 'yan uwa suke ta tambaya daga Kano da Gadarif. To 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika tuni, tunda Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci, kuma abin da muke da shi ya ninka haka sau da yawa. Ina da wata tsohuwar laftof da ba ta ɗaukar Windows 11, wani yaro a masallacinmu ya ce in sa mata Linux a madadin Windows da wani abu wai shi Nextcloud ta zama sabar gida kowa ya riƙa shiga yana sauke abin da yake so. Da gaske wannan abu yana yi? Ko gara in biya kuɗin wata-wata in huta? Wallahi tsorona kada muryar Baba ta ɓata a hannuna.

Dan_Ulayya, Riyad:

Wa alaikumussalam Malam Abu Hafsa, Allah ya gafarta wa Baba ya sa karatun nan ya zame masa sadaka mai gudana. Yaron nan ya ba ka shawara mai kyau, kar ka yar da laftof ɗin nan. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato wani sashen tsaro a cikin injin, da firosesa na baya-bayan nan shi ya sa ta ƙi, kuma Microsoft ta tsaida tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, amma injin lafiyarsa ƙalau. Ka sa mata Linux Mint ko Ubuntu, in akwai hali ka canja mata had disk da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ko da na hannu ne a kasuwar Haraj, za ka ga ta farfaɗo. Kuma laftof ta fi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da wasu ke yin sabar gida da ita dacewa da kai, don tana da batirinta in wuta ta ɗan yanke, tana da allo da madannai ba sai ka sayi komai ba.

Nextcloud kuwa tun 2016 ake yinsa, wani Bajamushe Frank Karlitschek ne ya faro shi bayan ya bar wata manhaja irinsa mai suna ownCloud, buɗaɗɗiyar manhaja ce kowa na iya karanta abin da aka rubuta a ciki, yana da af na waya, za ka buɗe wa kowane ɗan uwa akawun ɗinsa ko ka tura masa linki kawai. Ni abin da ya sa raina yake tare da irin waɗannan manhajoji shi ne babu ranar da wani zai tashi ya canja maka sharaɗi. Ka tuna Photos a da ajiya ba iyaka ce kyauta, a Yunin 2021 aka daina. Shafin ajiye fayiloli na Megaupload kuma a Janairun 2012 aka rufe shi rana ɗaya, har waɗanda halak ɗinsu suka ajiye a ciki abin ya shafa. Af, kuma a Linux akwai tsarin madannai na Hausa a cikin saiti, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita, za ka rubuta sunan kowane darasi daidai.

Wad_Maiwurno, Jidda:

Ya akhi Dan Ulayya, a kan buɗaɗɗiyar manhaja ba ni da ja da kai ko kaɗan, mu da muka tashi a Sudan mun fi kowa sanin darajarta. Takunkumin Amurka ya hau kanmu daga 1997 har Oktoban 2017, shafuka da yawa na kamfanonin manhaja in ka shiga daga Khartoum sai su ce ƙasarka ba ta ciki, to Linux da ake kwafa hannu da hannu a faifai da filash shi ya koya wa da yawanmu aiki. Amma maganar sabar gida a nan nake so Yaya Abu Hafsa ya tsaya ya saurare ni da kyau. Ina da irin wannan injin a ɗakina a Omdurman, da had disk biyu ɗaya na kwafar ɗaya, ina ganin na gama tsari. Da yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 mun fita da kayan jikinmu da takardu, injin da had disk ɗin biyu suna kan tebur ɗaya a ɗaki ɗaya, har yau ban sake ganinsu ba. Hotunan kakata da na ɗauka a Mai Wurno da hirar da na naɗa tana ba da labarin yadda iyayensu suka taso daga ƙasar Hausa, abin da ya tsira shi ne ɗan abin da na taɓa tura wa wani ɗan baffana a waya.

Kuma kar a ce sai ƙasar da ake yaƙi, a Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, masu shafuka da yawa da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. Don haka ka yi kwafi uku, biyu a na'urori daban-daban, ɗaya kuma a wani gari. Sayi had disk guda ka cika shi ka ba mai komawa Kano bayan Umra ya kai gidanku, wannan kaɗai ya fi min duk wata saba kwanciyar hankali.

Sannan ka tuna da su wa za ka raba. Mutanenmu na Gadarif shabaka, wato intanet, tana zuwa tana tafiya, a Fabrairun 2024 ma ɗauke ta aka yi kusan ƙasar gaba ɗaya, kahraba, wato wutar lantarki, kuma sai a hankali. In ka juye kaset da Audacity, manhajar naɗa sauti da gyara shi, ka ajiye asalin a FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin murya, don kanka, amma abin da za ka tura musu ka mai da shi Opus mai matse fayil ya ƙanƙance, shi ne ma abin da saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi. Awa ɗaya na WAV, wato sautin da ba a matse ba, ya haura 600MB, a Opus mai 32kbps kuwa wajen 14MB ne, kuma muryar malami tana fita tas.

Ummu_Sudais, Madina:

Allah ya mayar maka da alheri ɗan uwa Wad Maiwurno, wallahi labarin kakar nan ya taɓa ni. Yaya Abu Hafsa ni aikina ke nan kula da sabobi, kuma zan faɗa maka abin da masu son Linux ba su cika faɗa da wuri ba. Na farko in intanet ɗin gidanka na rauta mai layin waya ne irin 4G ko 5G, galibi kana bayan abin da ake kira CGNAT, yani kai da mutane da yawa kuke raba adireshin IP guda, to wanda yake Kano ba zai iya shigowa injinka kai tsaye ba ko ka buɗe fot, wato ƙofar shigowa, a rauta. Sannan zafin Makka ka san shi, injin da zai kwana ya wuni a kunne yana son ɗaki mai mukayyif, wato AC, batirin tsohuwar laftof da ke manne da caja kullum yana iya kumbura, sai an riƙa dubawa.

Babban abin da ya fi damuna shi ne wa zai kula da ita. Nextcloud yana son sabuntawa a kai a kai, in ka buɗe shi ga duniya ka bar shi wata da watanni ka buɗe ƙofa ne ga ɓata-gari. Buɗaɗɗiyar manhaja ma ana shigar mata, a Maris 2024 aka gano ƙofar baya da aka dasa a ɓoye a cikin xz, wata manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, wani injiniya Andres Freund ne ya lura saboda shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ya ɗan yi masa nauyi da kusan rabin daƙiƙa. Eh buɗewar ce ta sa aka kama, na yarda, amma kai mai shago ko mai zuwa dawam, wato wurin aiki, ba ka da lokacin bin waɗannan labarai. Kuma mu da muke zaune da igama, wato takardar izinin zama, yau kana nan gobe shugul, wato aiki, ya ƙare, sabar ta bi ka a akwati. Ni shawarata ka biya ɗan kuɗin ajiya don rabawa da 'yan uwa, takardun sirri irin fasfo da igama ka kulle su da Cryptomator kafin ka ɗora, laftof ɗin kuma ta zama kwafin gida. Kuma don Allah kar yara su mai da ita wurin tara finafinan sata, karatun Baba naku ne, na wasu kuwa haƙƙi ne.

Dan_Ulayya, Riyad:

Anti Ummu Sudais gaskiyarki a kan CGNAT. Amma Syncthing yana wuce wannan matsalar ba tare da an buɗe fot ba, shi ma buɗaɗɗe ne, babu wata saba ta tsakiya da ke riƙe fayil ɗinka, kwamfuta da kwamfuta ne suke daidaita folda tsakaninsu. In akwai ɗan uwa mai laftof a Kano shi ke nan kwafin wani garin ya samu. Sai dai a kunna ajiye tsofaffin kwafi a saiti, don in wani ya goge fayil a can nan ma gogewa zai yi, ko a sa ɓangaren Makka ya zama mai aikawa kawai.

Abu_Hafsa, Makka:

Jazakumullahu khairan duka, na ƙaru sosai. Had disk ɗin Kano zan fara saya in sha Allahu, akwai ƙanwar mahaifiyarmu da za ta koma bayan Umra. Wad Maiwurno don Allah wasu kaset ɗin suna jan murya kamar tef ɗin ya saki, wasu kuma akwai ƙarar fanka a baya, in gyara su a Audacity kafin in ajiye FLAC ɗin ne ko in ajiye yadda suka fito tukuna?

Wad_Maiwurno, Jidda:

Ajiye yadda suka fito Yaya, kar ka taɓa asalin, gyaran ka yi shi a kan kwafi. Masu jan muryar kuma ka fara gwada su a wata rediyon kafin ka zargi tef ɗin, sau da yawa bel ɗin injin ne ya saki.